An Sasanta

Da asuba na hau motar Dukku,
babbar rigata a ninke cikin leda
don kar ta yamutse kafin a kira sunana.
Ni ne shaida na uku.
Wata huɗu ina bitar maganata
kamar mai tsoron hadda ta zube:
bulo nawa aka jera, ran da aka tsaya,
da yadda motar siminti ta juya da kayanta.

A harabar kotu a Gombe
lauya ya tare ni yana duban agogo.
Ya ce, Baba Hammadu, koma gida, an sasanta.
Ya cusa min dubu biyu na mota,
ni da na biya uku na zo.

An sasanta.
Wa da wa?
Ni dai ba a tambaye ni ba.
Ba a tambayi Adda Fanta ba,
wadda ta haihu a bayan a-kori-kura
daidai ƙofar asibitin
da takarda ta ce an gama, har da fenti.

Tabawa ce ta zo da na'urarta bara,
ta tsallake kwata, ƙaya ta kama zanenta,
ta shiga ɗakin haihuwa ta ɗaga kai
ta ga sama.
Da dare muka ji muryarta a rediyo
ta kira sunan Alhaji Bappayo ba ta yi tari ba.
Muka ce yau akwatin nan ya biya kuɗin batirinsa.

Sai ya kai ƙara, wai an ɓata masa suna.
Gidan rediyon ya bugi ƙirji:
muna da hoto, muna da rasit, a haɗu gaban alƙali.
To ga alƙali ya zauna.
Ina ƙirjin?

Daren da na dawo suka karanta ban haƙuri,
gajere, da sauri, kamar mai haɗiye maɗaci,
tsakanin tallar taki da sanarwar rasuwa.
Wai an samu kuskure.
Ba su ce wanne ba.
Rufin ne kuskure, ko idona?

Maƙwabcina Sambo tela ya ce in yi musu uzuri.
Shari'a rijiya ce, lauya guga,
man janareta ya yi tsada,
ma'aikata na bin albashin wata uku,
mai gaskiya ma yakan gaji da hawa matakala.
Na ji, Sambo. Ban ce ƙarya kake ba.
Amma wanda ya gaji, tun a hanya yake zama,
ba sai ya dafa ƙyauren ba.
Me ke cikin jakar takardun
da ɓangare biyu suka ji tsoron a buɗe?
An ce sun biya shi. Nawa? Sirri ne.
Ko kuwa shi ya biya su?
Wannan ma sirri ne.

Ba na rantsuwa kan abin da ban gani ba.
Abin da na ji kawai zan faɗa:
sati biyu ba su cika ba,
labaran ƙarfe bakwai suka sami mai ɗaukar nauyi,
injin casar shinkafa na Bappayo da 'Ya'yansa.
Tabawa kuma an mai da ita shirin girke-girke,
jiya tana koya mana miyar zogale.
Muryar tana nan, gishirin ne babu.
Ruwa dai ba ya tsami banza.

Da yamma na bi ta asibitin.
Wata bishiyar maina ta fito a ɗakin magani,
ta kusa kai min kafaɗa.
Awakin Jauro na kwance inda gado zai zauna.
Na tsaya na karanta musu shaidata duka,
bulo, rana, mota, ban rage komai ba.
Suna tuƙa suna kallona.
Su dai ba su sasanta da kowa ba.

Rigar tana cikin ledarta har yanzu.
Rediyon ma ban kashe ba,
na dai rage masa murya.